Godiyar da Muka Kai Hawa na Shida

Tun da na dawo, duk wanda ya tare ni a bakin titin Gyadi-Gyadi tambayarsa ba ta wuce biyu: da gaske ne jirgin ƙasansu yana kamo jirgin sama a gudu, sannan wace tsaraba na kawo. Ta farko ina amsa ta iya sanina, ta biyu sai dai in yi murmushi. Na tafi Chaina neman takardar ƙwarewa a gashin ƙashi, na yi shekara biyu da 'yan watanni, na dawo hannu biyu. Na baro abokina a cikin ƙasarsu. Na kuma baro wata tsohuwa Kirista da na raba da ɗakin ibadarta, kuma da godiya na raba ta da shi. Saboda ita na ɗauki biro.

Sunana Lawan, ma'aikacin jinya ne ni a asibitin koyarwa. Abokin tafiyata Habibu, ɗan Malam Isiyaku mai gyaran keken ɗinki a Tarauni. Tare muka yi makarantar jinya, tare kuma muka faɗa hannun wani dillalin karatu mai zaƙin baki, wanda ya rantse mana cewa makarantar tana babban birni, da Turanci ake koyarwa, har da masallaci a harabarta.

Zangonmu na farko Guangzhou. Wanda aka ce zai tare mu a filin jirgi bai zo ba, lambar da aka ba mu kuma wata mata ce ke ɗauka, ta yi ta faɗa da harshen da ba mu jin ko kalma ɗaya a cikinsa. Mun daɗe zaune a kan akwatunanmu. Hular Habibu ce ta cece mu. Wani dattijo ya wuce mu yana tura kayansa, sai ya dawo da baya ya ce, "Ku kuma 'ya'yan waye aka yar a nan?" Alhaji Uba ke nan, mai fataucin yadi daga Unguwa Uku, wanda ya daɗe yana zirga-zirgar ƙasar. Ya karɓi takardar makarantar ya ba wani ya karanta masa, sai muka ji ya yi salati.

"Samari, wa ya ce muku nan ne? Inda za ku sai kun kwana kun yini a jirgin ƙasa. Can ko baƙar akuya ba su taɓa gani ba, balle ku."

Ya kai mu gidan abincin wata 'yar Nijar muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, ya sa mu a jirgi, ya rubuta mini lambarsa a bayan tikiti. Jirgin da muka hau ba irin wanda ake nunawa a talabijin ba ne. Na talakawa ne, kujerunsa tauri, cike da leburori masu komawa gida da buhuna. Kallo kuwa mun sha shi har muka ƙoshi. Wata mata ta lakaci bayan hannuna ta duba yatsanta ta gani ko zai zuba. Na so in yi fushi, Habibu ya miƙa mata nasa hannun ya ce, "Ga nawa ma Hajiya, gwada, mu namu rinin ba ya sakewa." A zaune muka yi sallolinmu, garin kwaki da ƙuli-ƙuli muka ci, don ba mu san abin da ke cikin robobin da ake sayarwa ba.

Garin da muka sauka garin masana'antu ne a tsakiyar ƙasar, hayaƙi a sama, benaye a ko'ina kamar an jera kwalayen ashana. Babu Turanci a makarantar, babu masallaci. Aka ce sai mun yi shekara guda muna koyon harshensu kafin mu taɓa ko gwiwar majinyaci. Na kira dillalin nan har na gaji, wayarsa a kashe. Komawa gida kuma da wane ido? An riga an yi mana walima a unguwa. Muka zauna muna zana haruffa kamar 'yan firamare, ni da gemuna.

Kewar gida ba a abinci kaɗai take ba. Abin da ya fi damuna shi ne in yi tafiyar rabin awa babu wanda ya ce mini sannu. A Gyadi-Gyadi daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi sai na gaisa da mutum goma, har haushi nake ji in ina sauri. A can na riƙa marmarin wannan haushin.

Habibu yana da sikila. Na san haka tun muna makaranta, na kuma san ya ɓoye ta lokacin cike takardun tafiya. Na ce masa sanyin can ba irin namu ba ne, ya ce ai a asibiti za mu zauna, in ciwo ya tashi a gida ya tashi. Hunturun farko ya sha da ƙyar. Na biyu shi ya kwantar da shi. Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma cutar a littafi kawai suka san ta. Ni nake tsayawa ina yi musu bayani da guntun Sinancina, inda ya ƙare in nuna a waya.

A asibitinsu nas allura da magani ne nata. Wanka, ba da abinci, juya majinyaci, kwashe fo, duk na dangi ne. Ni kaɗai ne dangin Habibu, ga shi in na yi fashin aji da yawa makaranta za ta kai rahoto a soke mini biza. Ranar da na fara barinsa na tafi aji, na dawo da azahar da sauri, sai na tarar da wata tsohuwa zaune a kujerata tana ba shi wani abu a cokali. Gajeriya ce, farin gashinta an yanke shi kamar na namiji, tana sanye da jar rigar sanyi. Habibu ya ɗago ya ce, "Lawan, wallahi kunun gero ne. Tsamiya kawai ya rasa."

Kafin in buɗe baki ta zaro waya ta nuna mini hoton wata tukunya da takardar kanti a jikinta. Sabuwa ta saya, ta ce, don ta san mutanenmu ba sa cin abin da alade ya taɓa.

Sunanta Lu. Kowa yana ce mata Ayi, wato ƙanwar uwa, mu kuma muka mayar da ita Inna Lu. Shara ta yi a asibitin har ta yi ritaya. Ita da wasu mata 'yan cocinsu suke zagaya ɗakuna suna neman majinyacin da ba shi da ɗan jinya, kuma irinsu suna da yawa: tsofaffin da suka haifi ɗa guda, ɗan ya tafi kudu aikin masana'anta, sai dai ya turo saƙo.

Ba zan ɓoye ba, da farko ban saki jiki da ita ba. Mun taso muna jin yadda 'yan mishan ke shigowa da magani da abinci, daga baya su fito da littafi. Na ce wa Habibu ya yi hattara. Ita ma ba ta ɓoye nufinta ba. Kullum in ta gama ba shi kunu sai ta dafa goshinsa ta ce, "Yesu yana ƙaunarka."

Rannan Habibu ya ce, "Lawan, gaya mata Annabi Isa namu ne mu ma, ba mu bar mata shi ita kaɗai ba."

Na fassara. Ta buɗe ido ta ce, "To me kuke jira?"

"Ce mata ita muke jira."

Ta yi dariya har ta share hawaye. Haka suka yi ta ja, ita ba ta fasa gayyata ba, shi bai fasa ƙi ba, kunun kuma ko cokali ɗaya bai ragu ba. In lokacin salla ya yi ita ke ja masa labule, ta kuma koyi inda alƙibla take kafin nas-nas ɗin ɗakin su sani.

Wata Laraba da rana ta ce in bi ta gida in ɗauko wa Habibu bargo mai kauri. Tsohon bene ne a bayan kasuwar kayan lambu, hawa na shida, babu lif. Falon babu komai sai kujerun roba an ɗora su kan juna har kusa da silin, da labule mai nauyi, da katifun soso da aka jingina a jikin taga. A bango akwai gicciye da aka yanka da jar takarda. Ta ga ina kallo, sai ta ce nan ne cocinsu.

Ta zuba mini ruwan zafi ta ba ni labari. A ƙauyensu suna da coci na gaske, da hannunsu suka gina. Aka zo aka sauke gicciyen kansa, daga baya aka rushe ƙauyen gaba ɗaya don a yi titi da benaye, aka watsa su cikin gari. Akwai cocin da hukuma ta yarda da shi, amma akwai kyamara a ƙofarsa, ana rubuta sunan mai shiga, ba a barin yara. Tsofaffin suna tsoron kada sunansu ya taɓa aikin 'ya'yansu. Shi ya sa suke haɗuwa a nan duk Lahadi, su wajen ashirin. Ba sa zuwa tare. Biyu su hau, a jima, ɗaya ya hau, kowa riƙe da ledar cefane kamar mai ziyarar ƙawa. Waƙa ma ƙasa-ƙasa suke yi, sosan nan na shanye sauran.

Na ce, "In aka gane fa?"

"A rufe. Mai gidan ya kore ni." Ta ɗaga kafaɗa. "Ni ba komai. Amma a nan ake raba aiki. A nan ake cewa wance ke za ki yi wa wane wanka, wane kai za ka kai wance asibiti. Akwai wani tsoho a cikinmu da rabin jikinsa ya shanye, mu huɗu muke karɓa-karɓar juya shi. In babu ɗakin nan, kowa zai mutu a bayan ƙofarsa sai wari ya sanar da maƙwabta."

Da ta rako ni bakin matakala ta riƙe hannun rigata. "Ka zo duk ranar da kake so, ban da Lahadi. Kuma kai kaɗai. Mu kaɗai, suna iya kau da kai. In suka ga baƙon ƙasar waje a cikin taronmu, magana ta zama wata." Na ce na ji. Kuma wallahi na ji, da kunnena biyu.

Habibu ya rasu wata Asabar da hantsi. Ciwon ya hau ƙirjinsa, numfashi ya gagara. Ni nake laƙƙana masa kalmar shahada, Inna Lu tana riƙe da ƙafafunsa tana murza su don sun yi sanyi. Da ya cika ta tsaya ta dube ni, ta ce in gaya mata abin da ake yi a wajenmu, kada ta taɓa abin da bai kamata ba.

A garuruwansu ƙona gawa ake yi. Aka ba ni takarda aka ce in zaɓa cikin 'yan kwanaki: ko a ƙona, ko a kai shi gida. Kai shi gida ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Na kira Malam Isiyaku na gaya masa rasuwar, ya yi ta maimaita innalillahi, sannan ya ce, "Lawan, an yi masa sutura?" Na kasa gaya masa abin da ke rubuce a takardar da ke hannuna. Na zauna a dakalin asibitin na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Inna Lu ta karɓe takardar ta ninke ta sa a aljihu. Kwana huɗu muka yi muna yawon ofisoshi. Inda aka ce mu dawo gobe sai ta ja kujera ta zauna, ta fito da ƙunshin abincinta, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta da inda za ta. Wani ɗan cocinsu mai motar dakon kayan lambu ya ajiye aikinsa yana kai mu. Ita ta gano cewa akwai Musulmi 'yan ƙasar a wani ƙauye bayan gari, da maƙabartarsu. Limaminsu dattijo ne mai farar hula, da farko ya ce filin na 'yan ƙauyen ne kawai. Ta ce masa, "Ni ba addininku nake ba, amma na ga yaron nan yana salla a kwance. In kun ƙi shi, gobe wuta za a sa masa. Kai za ka amsa wannan, ba ni ba." Sai liman ya juyo ya tambaye ni tsawon mamacin.

Matan cocin ne suka sayo farin yadi. Ni da liman muka yi masa wanka, aka yi masa salla, aka sa shi a kabari a gefen wata gonar alkama. Inna Lu ba ta shiga ba. Tana bakin ƙofar maƙabartar cikin sanyin nan, kanta a sunkuye, bakinta yana motsi.

Bayan addu'ar bakwai Malam Isiyaku ya kira ni daga Tarauni. Na riga na ba shi labarin komai. Muryarsa ta dushe, amma maganarsa a tsaye take.

"Lawan, matar nan, kun je kun yi mata godiya?"

"Na yi mata, Baba. Kullum ina yi."

"Kai kaɗai? A tsaye a bakin hanya? Haba Lawan. Wadda ta hana a ƙona mini ɗa? Ai ba a yin irin wannan godiyar da mutum ɗaya, sai ka ce Habibu daga sama ya faɗo. Ka tara mutane, ku sa manyan kaya, a samu babba ya yi magana da bakina. Ta san yana da dangi."

Na ce, "Baba, ta ce in riƙa zuwa ni kaɗai."

"Kunya ce irin ta mutanen kirki. Wa ya taɓa cewa a zo a gode masa?"

A nan ne ya kamata in tsaya in yi masa bayani, ban yi ba. Kuma ba zan ɗora wa tsohon laifi ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da ke raina. Shekara biyu ana kallona kamar abin da aka tsinto, ina so ko sau ɗaya su ga cewa mu ma mutane ne masu asali, mun san alheri, mun san yadda ake rama shi. Na ce a raina, ai ba ibada za mu je ba, minti goma ne mu fito. Ranar Lahadi kuwa ni na zaɓe ta da kaina, da lissafi irin namu: ranar ce direban da matan da suka sayo likkafani duk suke wurin, godiya kuma a gaban jama'a take da daraja.

Alhaji Uba ya hau jirgi tun daga Guangzhou shi da wani abokin kasuwancinsa, Allah ya saka masa. Na tattaro ɗalibai 'yan Najeriya da 'yan Nijar da wani Bahaushen Ghana, muka zama mu tara. Kowa ya fito da kayan Sallarsa daga ƙasan akwati. Alhaji ya sha babbar riga fara ƙal, sai ƙamshi yake. Muka ɗauki dabino, da turare, da turmin atamfa. Muka ratsa kasuwar kayan lambu a jere da hantsi. Masu sayar da kabeji suka bar ciniki suka ɗaga wayoyi. Mai gadin unguwar ya fito daga ɗakinsa ya bi mu da ido, na ga yana kiran waya, na ɗauka labari yake ba matarsa. Ni a lokacin har wani daɗi nake ji.

Muka hau hawa shida, Alhaji yana haki. A bakin ƙofa ya gyara riga ya rangaɗa sallama da ƙarfi, yadda ake yi a ƙofar gidan mutunci. Waƙar da ke tashi ƙasa-ƙasa a ciki ta yanke.

Inna Lu ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi mutanen da ke bayana har kan matakala, ta dubi ƙofofin maƙwabta da suka fara buɗewa. A nan na gane abin da na yi, amma an riga an zo. Ta matsa gefe ta ce, "Ku shigo da sauri."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne zaman ya yi kyau. Tsofaffin suka tashi suka ba mu kujeru. Alhaji Uba ya miƙe ya yi magana da bakin Malam Isiyaku, ina fassarawa. Ya ce wanda ya rufa wa gawarka asiri ya gama maka komai a duniya. Ya ce daga yau tana da gida a Kano, tana da 'ya'ya a Kano. Ya kira direban ya gode masa, ya gode wa matan ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin nan suka yi ta kuka. Muka yafa mata atamfar, muka ɗaga hannu muka yi fatiha, su ma suka yi mana wata gajeriyar waƙa. Wani ɗalibi ya ɗauki bidiyo don a tura wa Malam. Ita kuwa tana tsaye da atamfa a kafaɗa tana murmushi, idonta yana kan ƙofa.

Ranar Laraba aka kira ni ofishin makaranta. Jami'an tsaro biyu ne a ciki, ba su ɗaga murya ba. Suka jera mini hotunanmu a kan tebur, daga kasuwa har matakala. Wa ya turo mu? Wace ƙungiya ce a waje take hulɗa da su? Me muka kai a cikin ledoji? Na ce mu Musulmi ne, godiya muka je. Ɗayan ya ce, "Godiya, mutum tara?" Na yi ta ƙoƙarin bayyana masa yadda ake yi a Kano, ina jin kaina ina magana kamar mai shirya ƙarya.

Da na fito ban tsaya ko'ina ba sai benen. An manna dogayen takardu biyu a ƙofar, sun gitta juna, da jan hatimin hukuma. Kujerun robar suna zube a bakin bola.

Kwana goma sha ban ji ɗuriyarta ba. Rannan da rana ina fitowa daga aji na hango jar rigar a tsallaken titi. Ta rame. Wani mutum yana tsaye nesa kaɗan da akwati, bai ko kalli inda nake ba. Ɗanta ne, malamin makaranta a kudu. Ashe tsare ta aka yi, shi aka kira ya sa hannu aka sake ta, da sharaɗin ya tafi da ita.

Na durƙusa a gabanta a kan titin. Ta ce in tashi, mutane na kallo, kallon ya isa haka.

"Na ce maka kai kaɗai," in ji ta. "Na ce maka ban da Lahadi."

"Kin faɗa, Inna."

"To me ya sa?"

Na ce ta gaya mini abin da zan yi. Na ce ni ma'aikacin jinya ne, tsohon nan mai shanyewar jiki zan riƙa zuwa ina juya shi kullum, in yi masa wanka.

Ta girgiza kai. "Kada ka je wajensa. Kada ka je wajen kowa a cikinsu. In ka haɗu da direban a hanya, ba ka san shi ba. Wannan kaɗai za ka iya yi mini."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ta ce, "Baban yaron ya ga bidiyon?" Na ce ya gani. Ta ce, "To." Ta dafa goshina ta faɗi kalmar nan da ta saba faɗa wa Habibu, ta bi ɗanta. Lambarta ba ta sake shiga ba.

Da bizata ta ƙare ba a sabunta ba. Na tattara na dawo.

Washegarin saukata na je Tarauni. Malam Isiyaku yana rumfarsa, kekunan ɗinki a gabansa, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya rungume ni, sannan ya zaro waya ya nuna mini bidiyon, kamar ba ni ne a ciki ba. Ashe duk wanda ya zo masa gaisuwa sai ya nuna masa. "Ka ga arniyar da ta fi wasu Musulmin," yake cewa, sai kuma ya gyara, "Astagfirullah, ba arniya ba, baiwar Allah." Ya ce kullum yana roƙa mata shiriya da gamawa lafiya. Ya ce abu ɗaya ya sanyaya masa rai a mutuwar nan, shi ne an yi godiya yadda ta kamata.

Wata biyar ina zuwa ina zama a rumfar, ina kallon bidiyon tare da baƙinsa, bakina a rufe. Na koma aiki, ina juya majinyata a ɗakinmu, duk wanda na juya sai na tuna akwai wani tsoho a can da ban san ko an juya shi yau ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce yana so in kira masa ita su gaisa a bidiyo ko da ɗaga hannu ne, ga goron Salla ma yana son aika mata. Daga ni sai shi a rumfar. Na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba." Na faɗa masa duka, tun daga sosan taga har takardun ƙofa. Bai katse ni ba. Sukudireban da ke hannunsa ya ajiye shi a hankali.

"Mu muka yi mata wannan?"

"Ni na yi, Baba. Ni ta gaya wa."

"Ni na aike ka." Ya cire hula ya shafa kansa, ya mayar. Sai ya yunƙura kamar zai tashi. "A'a, wannan ba abin zama ba ne. Sai an ba ta haƙuri. Ka kira Alhaji Uba, a samu dattawa ko mutum biyar, su shirya su je har inda..."

Ya tsaya. Bakinsa a buɗe, hannunsa a sama. Ya dube ni, na dube shi. A hankali ya koma ya zauna, ya sauke hannun a kan gwiwarsa.

"To yaya ake yi, Lawan?" ya ce. "In ba a je ba, yaya ake yi?"

Na ce, "Ba a yi, Baba. Haka ta ce."